Kifin da Na Juya a Gidan Masunta

Abubuwa da yawa na zamana a Guangzhou ta ƙasar Sin sun shige mini, amma ranar da na juya kifi a gidan masunta tana nan daram, ba na jin za ta goge har in koma ga Mahaliccina.

A ƙarshen shekarun casa'in ne, ina karatu a can. Akwai wani Alhaji ɗan zangon Kumasi mai aika kaya gida daga unguwar Sanyuanli, shi ne ubanmu a garin. Yana da wata tsohuwar mota da ya cire wa kujerun baya, ya shimfiɗa katifu biyu, ya kafa risho da jarkar ruwa, har da labule. Da aka yi hutu ya ce in raka shi mu bi gaɓar teku, mu kwana inda rana ta faɗi mana. Ni Bakano da ban taɓa ganin ruwan da ya fi na Tiga ba, ko gardama ban yi ba.

Kwana biyu muna tafe, mu tsaya mu kalli jirage da kifin da aka shanya, mu ci jatan lande da kunun shinkafa. A na uku muka isa wani ƙauyen masunta wajen Yangjiang. Wata tsohuwa ta ga muna neman ruwan alwala, ta ja mu gidanta, ta turara mana kifi da citta a gabanmu don mu ga ba ta sa man alade ba. Da ɗan Sinancina na fahimci mijinta yana kan ruwa, jibi zai dawo. Na cinye gefe guda, na kama wutsiya na birkice kifin, kamar yadda kowa ke yi a gidanmu.

Tsinken cin abincinta ya faɗi. Ta dubi wajen teku.

"Ɗan Kano, ka yi ɓarna," in ji Alhaji a hankali. "Masunta ba su juya kifi. Sun ce ka juya kifi, ka juya jirgi."

Ni na san camfi ne, rai a hannun Allah yake. Amma tsoron da na gani a idonta na gaske ne, kuma ni na jawo shi. Kunya ta rufe ni.

Alhaji ya ce mu kama hanya, kwantenarsa na jiran lodi. Na ce ba inda za ni sai jirgin nan ya dawo.

"Kai za ka riƙe masa ruwan?"

"A'a, Alhaji. Amma in muka tafi, har ta mutu za ta ce baƙi sun ci abincinta sun bar mata masifa."

Ya tada mota, na sauko da jakata na zauna kan dutse. Taurin kai dai a nono na sha shi. Ya yi gaba kaɗan, ya dawo da baya yana mita.

Muka ajiye motar tana fuskantar teku. Washegari iska ta taso, ruwa ya yi baƙi. Bayan kowace salla ina roƙa wa mutumin da ban taɓa gani ba. Abin da ya fi ci mini rai, tsohuwar ba ta fasa kawo mana abinci ba.

Jibin ya zo, azahar ta wuce, shiru. Sai bayan la'asar jirgin ya ɓullo. Tsohuwar ta zauna daɓas a kan yashi tana kuka. Ni ma na yi, ban ɓoye ba. Alhaji ya juya baya, wai yana duba taya.

Har yau ban yarda da camfin ba. Abin da na koya shi ne, ba sai ka yarda da tsoron mutum ba kafin ka girmama shi. Tun daga ranar, duk gidan da na shiga, sai na ga yadda mai gida ya sa hannu a akushi kafin in sa nawa.