Igiyar da ke Hannun Kawu

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, gajere ne mai faɗin kafaɗa, wanda ba ya zama sai a bakin kujera, kamar mai jiran a kira shi. A layinsu Mai Kare ake ce masa. Ya daɗe yana gadi a wani kamfanin katako, a can wani tsohon ma'aikaci ya nuna masa yadda ake koya wa kare bin sawun mutum. Da ya bar gadin sai ya gina ɗan ɗaki na bulo a bayan gida, ya samo kwikwiyo mai dogayen kunnuwa, ya sa masa suna Toka.

Horon da safe ake yi, kafin ƙafafu su yi yawa a hanya. Matarsa, wadda muke kira Inna, ita ce mai ajiye sawu. Takan goga ƙyalle a wuyanta ta jefa a leda, Kawu ya tsara mata hanya: ta bi bayan makaranta, ta karya kwana a tankin ruwa, ta ɓuya bayan tulin yashi. Can an jima sai ya ɗaura wa Toka ɗamarar ƙirji, ya maƙala doguwar igiya, ya buɗe masa ledar ya shinshina. In sun tarar da ita, Toka ya samu busasshen nama, Inna ta samu abin mita.

"Ni dai na ga aure," takan ce tana kakkaɓe zani. "Mata na can suna baccin safe, ni ina nan maciji na lissafin ƙafata."

"Ke da ake nema kullum? Wace ce ta kai ki gata?"

Suna ya zo masa ranar da tsohuwar wani maƙwabci ta fita ba a sani ba, shi da Toka suka samo ta zaune a ƙofar gidan da ta taɓa zama. Daga nan ko akuya ta ɓace sai an buga masa ƙofa.

Sai aka fasa shagon mai walda aka ɗauke injinsa. Ɓarawon ya bar silifa ɗaya a bakin taga. Tun kafin Kawu ya iso, ana ta ƙus-ƙus da sunan mai guga da ke ƙarshen layi, saboda baƙo ne kuma ba ya zama hira. Maganar ta shiga kunnen Kawu. Toka ya shinshina silifar, ya ja, jama'a na biye, har ƙofar mai gugar. Aka birkice shagon, aka zubar da wankakkun kaya a ƙasa, ba a ga komai ba. Amma an riga an ga inda karen ya tsaya. Mutane suka kwashe kayansu, wasu ma da danshinsu. Shagon ya ci gaba da buɗewa, igiyar shanya ba komai a kanta.

Bayan 'yan watanni na je gidansu hutun jami'a, na tarar gwiwa ta hana Inna fita. Kawu ya san ni ba mai yawan magana ba ce, ya dube ni ya ce, "'Yar Kawu, ga aikin da ba a magana a cikinsa. Naki ne."

Na goga ƙyallen, ya tsara mini hanyar da suka saba. Na bi bayan makaranta lafiya, amma da na hango tankin ruwa sai na ga samari cike da bencin wurin. Don kunya ban iya wucewa ta gabansu ba. Na shiga wani lungu ta hagu, na hau benen da ba a gama ginawa ba, na zauna kan buhun siminti. Daga tagar ana ganin mararrabar sosai.

Na ga zuwansu. A bakin lungun Toka ya sa hanci ƙasa, ya juya kai wajena, har ya yi taku. Kawu bai ce masa komai ba. Tsayawa kawai ya yi, kafaɗarsa na fuskantar tanki, igiyar ta ɗan yi tauri. Toka ya ɗago ya dube shi, ya kaɗa wutsiya, ya miƙe wajen tankin. Suka wuce samarin, suka zagaya bayan yashi. Ina kallo Kawu ya tsaya riƙe da naman a hannu, ba a samo kowa ba balle a ba Toka.

Da na sauko na ba shi haƙuri, ban iya kallon fuskarsa ba. Na ce na ɓata masa horo.

"Ta ina kika bi?"

Na nuna masa.

"Ya juya can?"

"Ya juya, Kawu."

"Ni na hana shi?"

Na sunkuyar da kai. Ya naɗe igiyar a gwiwar hannu a hankali, muka koma gida.

Washegari ya ce in tafi inda na ga dama, kada in faɗa masa. Haka muka yi ta yi. Wani lokaci Toka ya same ni. Sau da yawa kuwa yakan tsaya a mararraba ya ɗago kai yana jiran Kawu ya zaɓa masa. Inna ta daina tsokana. Kawu ya daina zama a ƙofar gida, in aka ce Mai Kare daga nesa sai ya yi kamar takalminsa ne ya kwance.

"Tsohuwar nan ma," na ji yana ce wa Inna a tsakar gida, "ai na san tsohon gidanta. Ni na kai mu."

"An same ta dai."

"Mai guga fa?"

Inna ta ci gaba da tsince shinkafa. Can ta ce, "Ba ka yi da niyya ba. Ka bar shi kawai, mutane za su manta."

"Sun manta da injin. Ba su manta da shi ba."

Da rana tsaka ya ce in raka shi shagon mai guga, don ni na ga abin da ya faru a lungun. Mun tarar da mai gugar yana goge rigar kansa. Dogo ne siriri, da tabon ƙuna a bayan hannu. Kawu ya cire hula ya yi bayani, yana in-ina, idonsa kan kwanon gawayi. Mutumin ya saurara har ƙarshe, ya ajiye dutsen gugar.

"Mai Kare, ran da ka zo, layin nan kaf yana bayanka. Yau ka zo da yarinya ɗaya, ita ma kanta a ƙasa."

"Gaskiya ne."

"To ni me zan yi da wannan maganar? Ai ni na san ban ɗauka ba. Ba ni ne ban sani ba."

Kawu ya mayar da hularsa. Muka fita, ya fara daga shagon da ke kusa. Mai aski ya saurara da almakashi a hannu. Mai kayan miya ta ce ai ita dama ba ta taɓa yarda ba, alhali ita ta fara kwashe zannuwanta. A kowace ƙofa kalmomin ɗaya ne: karen bai nuna kowa ba, hannun Kawu ne ya ja shi. Wasu suka yi dariya, wani ya tambaya ko akuyarsa da aka samo ita ma tsautsayi ce. Zufa ta jiƙa bayan rigar Kawu.

Mai walda ne na ƙarshe. Ya ɗage gilashin fuskarsa ya daɗe yana kallonsa.

"To yanzu wanne za mu ɗauka, na wancan karon ko na yau?"

"Na yau."

"Injina kuma?"

"Ban san inda yake ba. Ban taɓa sani ba."

Kafin hutuna ya ƙare na ga kaya sun fara komawa shagon mai guga, ba da yawa ba. Har yanzu ba ya amsa gaisuwar Kawu. Kawu yana gaishe shi duk da haka, kullum in zai wuce.