Kamfanin da Baffa Ya Jira

Shekarar da na koma jami'a yin digiri na biyu, darussa biyu ne suka fi wahalar da ni. Ɗaya kan yadda ake tsara bincike, ɗaya kuma kan yadda kamfani ke tsallaka iyaka ya kafu a wata ƙasa. Malami ɗaya ke koyar da su, wani siririn dattijo mai saurin fushi, wanda ba ya yarda ɗalibi ya ce zai yi bincike sai ya faɗi abin da yake son sani, da wanda zai tambaya, da dalilin da ya sa shi zai tambaya ba maƙwabcinsa ba. Shi ya koya mana cewa kamfani ba ya faɗa wa baƙuwar ƙasa kai tsaye. Sai ya fara turo mai duba masa wuri, ya naɗa wakili, ya buɗe ɗan ofis, in ya ga ƙasa ta karɓe shi sannan ya gina masana'anta.

Ni na zaɓi in binciki abin da zai jawo kamfanin tumatirin gwangwani daga waje zuwa yankinmu. Malam ya ce kafin in fita bincike na haƙiƙa, in gwada tambayoyina a kan mutane kaɗan, in ga waɗanda ba a ganewa. Sai na ɗauki rakoda na nufi ƙauyenmu tsakanin Kura da Bunkure. Damina ta ɗauke ke nan, daidai lokacin da kowa ke shawarar abin da zai shuka a rani.

Da Baffa na fara, ƙanin mahaifina, wanda ya riƙe ni tun rasuwar babanmu. Gonarsa na bakin kanal, wato magudanar ruwan noman rani, kuma kowane rani raba ta yake yi, alkama nan, masara can, tumatir a ɗan gefe. Da wannan rabon gidansa ke ci har wata shekara. Muka zauna a kan kunyar gona na danna rakoda.

"Baffa, da a ce wani kamfani daga waje zai riƙa sayen tumatir duk shekara, za ku iya wadata shi?"

Ya ce in fara gaya masa yadda irin waɗannan kamfanoni ke zuwa. Ni kuwa karatu na cina, na zazzage masa duk abin da malam ya koya mana, har ina jin daɗin kaina.

"Wato mai duba wuri ke fara zuwa," in ji shi.

"Shi ne na farko, Baffa."

Ya kalli rakodar, ya kalle ni, ya gyaɗa kai.

Abin da na sani tun ina yaro amma bai faɗo mini a rai ba ran nan shi ne yadda ruwan nan ya zo mana. Baffa na saurayi wasu mutane suka shigo gonaki da sandunan awo, suna tambaye-tambaye, suna cewa nazari kawai suke yi. Bayansu sai ga katafila. Waɗanda suka ɗauki maganar da muhimmanci suka riƙe gonakinsu suka ci moriyar kanal, waɗanda suka yi dariya suka sayar, suka dawo suna ƙwadago a wurin da iyayensu suka noma. Tun daga nan mutanenmu suka yanke cewa duk wanda ya shigo gona da tambaya, akwai abin da ke biye da shi, kuma ba zai taɓa faɗa ba.

Na koma Kano. Da na sake zuwa gida, ɗan acaɓa ya sauke ni a bakin kanal, na tsaya kamar an dasa ni. Gonar Baffa daga wannan iyaka zuwa waccan tumatir ne, ko fangali ɗaya na alkama babu. Maƙwabtansa da dama sun bi sahunsa, domin zance ya zaga gari cewa ɗan gidan Baffa kamfani ne ya turo shi.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na same shi yana ban ruwa, ko gama gaisuwa ban yi ba.

"Baffa, wallahi ba kamfanin da ya aiko ni. Karatu ne. Gwaji ne ma, binciken ko farawa ban yi ba."

Ya yi murmushi bai ɗago ba. "Haka masu sanda suka ce mana, ɗana."

Na rantse, na sake rantsewa, na bi dattawa ɗaya bayan ɗaya. Duk rantsuwar da na yi ƙara musu tabbaci take yi. Wani ma ya dafa kafaɗata ya ce na iya aiki.

Tumatir ya yi kyau a shekarar, kuma kyan nasa ne ya kashe shi. Ya nuna lokaci guda a ko'ina, kwanduna suka yi layi a bakin titi, motocin kudu suka cika suka tafi suka bar saura. Mata da yara suka yi ta yanka ana shanyawa a ƙasa, abin da bai samu wuƙa ba ya ruɓe a cikin kwando. Har yau in na wuce inda tumatir ya lalace a kasuwa sai in tuna da shekarar nan. Kafin damina ta faɗi rumbun Baffa ya ƙare, mutumin da ke aika wa dangi hatsi ya koma ana aiko masa.

Da ma zagina aka yi, da na fi samun sauƙi. Ba wanda ya ce mini uffan. Maƙwabta suka koma alkamarsu suka ce kamfanin ya yi jinkiri. Baffa kuwa ya kafe. Rani na biye ya sake cika gonar da tumatir, ya ce in sun zo su tarar da shi a shirye. Ni na gyara tambayoyina kamar yadda malam ya so, na yi binciken a wasu garuruwan da ba a san ni ba, na gama digirina. A cikin kundin akwai shafi guda kan gwajin da na yi a gida, inda na rubuta cewa tambayoyin sun fito sarai, manoma sun fahimce su.

Ciwon ajalin Baffa ya kama shi a wani rani, tumatir na fure. Aka kira ni na zo da la'asar, na tarar an shimfiɗa masa tabarma a zaure, ya rame har na kasa kallon hannuwansa. Ya yi wa 'ya'yansa alama su fita. Da muka rage mu biyu ya jawo hannuna, ya rage murya.

"Yanzu ba kowa. Gaya mini, yaushe ne?"

Na buɗe baki in faɗi abin da na sha faɗa masa, maganar ta maƙale. Na sunkuyar da kai ina kallon tabarma, hawaye na zuba.

Ya daɗe yana jira. Can sai na ji ya matse hannuna, muryarsa cike da jin daɗi.

"Madalla, ɗana. Riƙe musu amanarsu. Allah ya yi maka albarka."