Pak Man Ba Ya Tashi Sai Ta Cika

Shekara talatin da huɗu Che Deraman ya yi yana jan motar safa tsakanin Kota Bharu da Kuala Lumpur. Idan ka zauna da shi minti biyar zai gaya maka mai bai taɓa ƙare masa a hanya ba. Idan ka kai minti goma zai sake gaya maka. A ƙauyensu, can bayan Machang, Pak Man ake ce masa. Gajere ne mai tumbi, hannunsa na dama ya fi na hagu duhu saboda ranar taga.

Sirrinsa ɗaya ne, kuma bai taɓa ɓoye shi ba. Idan aka zuba mai har famfo ya tsaya da kansa, Pak Man ba ya yarda. Sai ya sa kafaɗa a jikin mota ya jijjiga ta, iskar da ta maƙale a tanki ta fita, a ƙara lita ɗaya. Lokacin da yake safa har fasinjoji yake saukowa da su su taya shi. Da ya yi ritaya ya koma jijjiga tsohuwar ƙaramar motarsa shi kaɗai.

Abu na biyu da yake taƙama da shi ganga ce. A barandar masallacin ƙauyen akwai wata tsohuwar ganga da aka fafe daga kututture, kuma duk jajibirin ƙaramar sallah, da rana ta faɗi, Pak Man ne ke buga ta. A hannun mahaifinsa ya gaji gular. Wan matarsa, Malam Yusoff, tsohon hedimasta, ya daɗe yana zawarcin gangar nan. Cewa yake Pak Man yana dukan ganga kamar mai duba iskar taya. Dattawan masallaci kuwa sun ce duk shekarar da magariba ta yi Pak Man ba ya nan, Malam Yusoff ne zai buga. Abin da ya shiga hannun Malam Yusoff ba ya fitowa. Tsanin da ya ara tun shekarar ambaliya har yau yana jingine a bayan ɗakinsa.

A bana Pak Man da matarsa Limah a Kuala Lumpur suka yi azumi, wajen 'yarsu Suraya da ta haihu. Suraya ce ta ɗauki tsohuwar motar ta ba masu gwangwan, ta miƙa masa makullin wata sabuwa mai aiki da lantarki. Kwana uku tana koya masa yadda ake jona ta da yadda ake biya da waya. Abu ɗaya ta yi ta nanatawa: a tashar caji ta kan hanya, idan ta kai kashi tamanin a cire a ba wani. Pak Man ya ce to. Da asubar ranar talatin ga azumi ya sa jarkar mansa a but, a gefen tukunyar naman da Limah ta kwana tana juyawa cikin madarar kwakwa.

"Baban Suraya, man nan wa za ka ba? Motar ko ni?" in ji Limah.

"Ba a tafiya ba jarka."

Duk mutanen birni sun fito hanya ranar nan. Sai ƙarfe uku da rabi suka ja jiki zuwa Gua Musang, batir yana kashi goma sha ɗaya. A bayan wani gidan mai aka kafa wurin cajin, gurbi biyu ƙarƙashin rumfar kwano. Suka jira wani ya gama, Pak Man ya jona igiyar, ya tsaya ya goya hannu yana kallon allo. Lambobi suka yi ta gudu. Ashirin, talatin da biyar, hamsin. Ya gyaɗa kai kamar shi ya haifi na'urar.

A sauran watanni mai jiran caji rumfar shayi yake shiga, ya ci shinkafa. Da azumi babu abin yi sai kallon motar wani. Shi ya sa da allon Pak Man ya nuna tamanin, mutum biyar suka gani tare da shi.

Ta farko a layi wata 'yar China ce mai sayar da yadi a kasuwar Kota Bharu, sunanta Teoh Siew Lan. Ta riga ta tayar da motarta. Da ta ga tsohon bai motsa ba, ta fito.

"Kawu, ta kai tamanin fa."

"Na gani, 'yata. Saura ashirin."

"Ina za ka?"

"Bayan Machang."

"Machang? Da tamanin za ka je ka dawo. Ni kashi shida gare ni, ko iskar sanyi ta mota ban isa in kunna ba."

"Shekara talatin da huɗu ina jan safa," in ji Pak Man, "mai bai taɓa..."

"Allah ya ƙara lafiya, Kawu. Wannan ba safa ba ce."

Allon ya nuna tamanin da ɗaya, ya zauna a kai kamar baƙon da ya ji ƙamshin girki. Pak Man ya ƙwanƙwasa gilashin da yatsa. Ya duba igiya. Sai kawai ya gane abin da ke faruwa, irin ganewar da shekara talatin da huɗu ke ba mutum. Ya tattare zanen da ya ɗaura irin na mazan ƙasar, ya sa kafaɗa a jikin mota, ya fara jijjiga ta.

Limah tana ciki. Ta rungume jakarta, kanta yana kai da komo, daga but ana jin murfin tukunya yana ƙara.

"Baban Suraya, naman zai zube."

"Iska ce ta maƙale."

"A ina?"

Shi kansa bai san inda tankin yake ba. Masu jira suka ɗaga wayoyi. Teoh ta rufe baki da gefen rigarta, kafaɗunta suna rawa.

"Kawu, ka bari in taya ka, ko wutar za ta fi kwanciya."

"Ki yi dariyarki. Ku yaran yanzu ba ku san mota ba."

Allon ya koma tamanin da biyu. Pak Man ya nuna shi yana haki. "Kun gani?"

"Minti huɗu ke nan a lamba ɗaya," in ji Teoh. "Daga nan zuwa ɗari sai ka yi minti arba'in ko fi. Haka suke duka. Kamar cin biki ne, farantin farko da gudu, na ƙarshe..."

"Kada ki yi min maganar abinci."

Limah ta sauke gilashi. Ba mace ce mai yawan magana a gaban mutane ba, amma ta duba agogo. "Kai da kake zuwa Juma'a a makare ai ka fi kowa sani. Waɗanda suka zo da wuri shiga kawai suke yi su zauna. Na ƙarshe su ne masu tsallake kafaɗun mutane suna neman inda za su cusa gwiwa. Masallacin ya cika, Baban Suraya. Biyar saura kwata."

Pak Man ya yi lissafin hanya a ransa. Da wannan cunkoson, awa biyu da rabi. Magariba bakwai da minti ashirin. Ya kalli allon, ya kalli ashirin ɗin nan da ba ta cika ba, ya ji kamar an ce ya fita kasuwa ba hula.

Wayarsa ta yi ƙara. Malam Yusoff ne.

"Ƙanena, kuna ina? Gua Musang? Ayya. To kada ka yi gudu, ka ji? Rai ya fi komai. Ku tsaya ku sha ruwa a hanya a natse. Nan akwai masu hannu."

A bayan muryarsa Pak Man ya ji wani ɗan sauti, dum, dum, a hankali, irin na mai gwada fata da yatsa.

Ya kashe wayar. Ya danna jan maɓalli, ya zare igiyar a tamanin da uku, ya miƙa wa Teoh da hannu biyu.

"Don mace ce ke na bar miki."

"Na gode, Kawu. Idan ta ƙi shiga zan jijjiga."

Tun daga nan har Kuala Krai bai bari an kunna iska ba, wai kada ta sha wuta. Ya kashe rediyo. Limah ta yi ta fifita da murfin kwali, tana karanta masa lambar batir duk bayan minti goma, da muryar mai karanta sunayen waɗanda suka ci jarrabawa. Saba'in. Sittin da biyu.

Bakwai da kwata suka tsaya a ƙofar masallaci. Malam Yusoff yana tsaye gaban ganga cikin sabon zane mai ruwan zinariya, ya naɗe hannun riga, gula tana hannunsa. Pak Man ya hau baranda, rigarsa sharkaf da gumi.

"Sannu da riƙo, Yaya."

"Ƙura nake goge mata," in ji Malam Yusoff.

Da liman ya ɗaga hannu Pak Man ya karɓi gula ya buga. Waɗanda ke can gonakin roba sun ce sun ji ta har cikin haƙoransu. Limah ta jira ya sha ruwa, ya ci dabino biyu, sannan ta gaya masa motar tana da kashi arba'in da huɗu.

Yanzu idan ka haɗu da Pak Man a tashar caji ta Gua Musang, ka kula da allonka. Da ya ga tamanin zai taso ya ƙwanƙwasa maka gilashi, ya ba ka labarin masallacin Juma'a, ba tare da ya ce a bakin wa ya ji ba. Jarkar tana but har yau. Limah kuma ta ce idan zai cire igiya yakan waiga hagu da dama, in ba mai kallo ya ɗan bangaji motar da ƙugu sau ɗaya.