Baƙo Mai Lamba Tara Yana da Suna

Wata rana wani mutum ya ajiye wa mahaifiyarsa takardu uku masu hotuna a kan teburin otal, ya ce, "Inna, zaɓi. Yau ke ce hajiyar tafiya."

Injiniya ne, shekararsa talatin da shida. Ya ɗauko ta tun daga Ringim, ita da matarsa Bara'atu mai cikin wata biyar, ya kawo su wata ƙasar tsibirai a tekun Indiya. Tun yana yaro ya yi mata alkawarin sai ya nuna mata ruwan da ba a hango ƙarshensa.

Takarda ta farko, yawon kasuwa.

Ta biyu, babban jirgi mai kiɗa, cike da mutane rabinsu ba sutura. Ta ture ta da bayan hannu.

Ta uku, wani ɗan tsibiri mai farin yashi. Ba kowa a hoton.

Ya karanta mata: mutum goma sha biyu kawai ake kaiwa. Akwai iyo, da mai gadin ruwa yana kallo. Akwai kallon kifi, a sa tabarau da ɗan bututun numfashi a kifa fuska a ruwa. Sannan akwai ɗanɗanar giyar rake, iri biyar.

Ta ce, "A'uzu billahi."

Ya yi dariya. "Wannan na ukun bai shafe mu ba, Inna. In sun tafi shan abinsu, tekun ya zama namu mu kaɗai."

Abin da ya ja ta ke nan. Tana so ta tsoma ƙafa a teku ba idon baƙo a kanta. Ta ɗora yatsa a kan takardar.

Ku riƙe wannan yatsa. Har yau tana kallonsa.

Akwai abin da ya kamata ku sani game da dattijuwar nan. Mutumin ɗanta ne na fari. Tun ranar da aka raɗa masa suna ba ta taɓa furta sunan ba. Haka ta ga uwarta ta yi, haka kakarta. In za ta kira shi sai ta ce "Kai." In za ta yi maganarsa sai ta ce "Wannan." Ranar da ya ci jarrabawa, ɗaki ta shige ta yi kukan murna, ta fito tana faɗan an bar murhu ba wuta.

Shi kuwa tsokanarta yake yi. A filin jirgi ya nuna mata fasfo ya ce, "Inna, kin ga ko 'yan sandan wata ƙasa sun iya sunana. Ke kaɗai kika rage."

Ta ce, "Ja can, marar kunya."

Da safe kwalekwale mai inji ya sauke su a tsibirin. Aka ɗaura wa kowa wani ɗan zobe na roba a hannu, da lamba. Ita takwas. Shi tara. Bara'atu goma.

Kwalekwalen ya juya ya tafi. Ba wanda ya tambayi ina za shi.

Ma'aikaci ɗaya aka bar musu, wani dogo mai jar riga da usur a wuya. Shi ne mai gadin ruwa. Ya tsaya a bakin teku hannu a ƙugu, yana kallon masu iyo. Da ta gan shi hankalinta ya kwanta.

Ta tattare zani zuwa ƙwauri, ta shiga. Ruwan da ɗumi. Ƙananan kifaye suka zo suna shinshina mata yatsu, ta yi wata dariya da ɗan ya ce rabonsa da jin irinta tun kafin rasuwar mahaifinsa.

Bara'atu kuwa kwalekwale ya juya mata ciki. Ta yi amai sau biyu, ta je can ƙarshen tsibirin ƙarƙashin wata rumfa ta kwanta, barci ya ɗauke ta.

Da rana ta take, aka kaɗa ƙararrawa.

Baƙi tara suka fito daga ruwa suna ɗiga, suka nufi wani dogon tebur a inuwar kwakwa, inda aka jera kwalabe biyar da ƙananan kofuna.

Mai jar riga ya bi su. Ya cire usur ya ajiye a kan tebur. Ya ɗauki kwalba ta farko.

Ashe mai gadin ruwan shi ne mai zuba giyar.

Ɗan ya sa tabaransa, ya ɗaga mata hannu. "Kin gani? Na ce miki namu ne. Bari in leƙo miki kifin can mai ruwan ɗorawa." Ya iya ruwa. A kogi ya girma. Amma kogi yana da gaɓa biyu.

Ta zauna a kan yashi tana kallon kan bututun numfashinsa. Ja ne, kamar murfin kwalba. Yana tafe a hankali a saman ruwa.

Can ta ga ya wuce wasu fararen balan-balan da aka jera a igiya, alamar iyaka.

Ta ga ba ya motsa ƙafa sosai, amma yana tafiya. Ruwan ne ke tafiya da shi. Shi fuskarsa na ƙasa, yana kallon kifi, bai sani ba.

Ta miƙe. Ta ce, "Kai!"

Iska ta kwashe.

"Kai! Wannan!"

Jan ɗigon ya ƙara ƙanƙancewa.

Ta waiwaya wajen tebur. Maza ba riga, mata ba zani, kofuna a sama, ana shewa. A rayuwarta ba ta taɓa kusantar inda ake shan giya ba. Ta yi taku uku, ta tsaya. Ta ce a ranta, yanzu zai ɗago. Ai ya iya ruwa. In na je na tara masa jama'a, ya fito yana dariya, da wane ido zan kalle su?

Ta koma bakin ruwa. Ta sake cewa, "Kai."

Ni mai ba ku labarin nan, daga baya na tambaye ta tsawon lokacin da ta yi tana kai-kawon nan. Ba ta da agogo. Ta ce, "Kamar sallar azahar, Malam. Raka'a huɗu, ba gaggawa."

Sai ta ga ya ɗago kai. Ta ga ya juyo. Ta ga hannu ɗaya a sama.

Ta ruga.

Mayafi ya faɗi ba ta tsaya ba. Ta ratsa cikin mashayan, ta damƙi jar rigar, kwalba ta kife. Tana nuna teku. Mutumin ya kare ido da hannu, ya duba, fuskarsa ta canja. Ya rarumo wata lasifika ta hannu daga ƙarƙashin tebur. Ya yi mata tambaya da Turanci, kalma ɗaya, wadda ko ita ta gane.

"Suna?"

Ta ce, "Ɗana ne."

"Suna, Mama! Suna!"

Ta buɗe baki. Shekara talatin da shida harshen bai taɓa bin hanyar nan ba. Abin da ya fito raɗa ne. Mutumin bai ji ba. Sai ya kafa mata lasifikar a baki.

"Munzali!"

Tsuntsaye suka tashi daga kan kwakwa.

"Munzali! Munzali, ɗan nan, juyo! Ni ce!"

Bara'atu ta ce wannan kiran ne ya tashe ta daga barci, kuma tun kafin ta buɗe ido ta san abin ya ɓaci. Don ta san muryar, ta san sunan, amma ba ta taɓa jin su tare ba.

Mai jar riga ya faɗa ruwa. Ya yi iyo har igiyar balan-balan, ya ji jan ruwan, ya juyo. Ya yi waya. Kwalekwalen yana can babban gari, ya je ɗauko wasu baƙin da za a kawo da yamma, wannan tsibiri da aka ce na mutum goma sha biyu ne su kaɗai.

Minti arba'in kafin ya iso.

Duk minti arba'in ɗin tana tsaye cikin ruwa har ƙugu da lasifika a hannu. Tana kira har batirin ya mutu. Ta ci gaba da baki.

An yi kwana uku ana nema. Masunta suka tsinci tabaran.

Shi ke nan abin da aka samu.

Ba ta san ko ya ji ba. Wannan ne abin da ke cinta, fiye da rashin kabarin da za ta ziyarta. Wata rana ta ce ya ji, don ta ga kamar hannun ya sake ɗagawa. Wata rana ta ce a'a, ruwa ne ya yi tozo.

In aka yi ruwan sama, kwata ta ɗauko jan murfin kwalba ta wuce da shi ta ƙofar gida, sai ta tsaya ta bi shi da ido har ya sha kwana. In an yi mata magana ba ta ji.

Maƙwabciyata ce. Katanga ɗaya ta raba mu. Bayan wata biyu ta shigo gidana da wasiƙar da kamfanin yawon ya aiko, ta ce tunda ni ne mai rubuta wa unguwa takardu, in duba.

Na karanta sau uku. Layi bakwai ce.

Sun ce suna baƙin cikin abin da ya sami "baƙo mai lamba tara." Sun ce ya ƙetare iyaka da kansa. A layin ƙarshe sun ce suna gayyatar iyalin su sake zuwa tsibirin kyauta, duk lokacin da suka ga dama.

Ta ce, "Malam, sun rubuta sunansa?"

Na ce, "Ba su rubuta ba, Hajiya."

Ta ce, "Su ma kunyarsa suke ji?"

Shekara talatin da huɗu na yi ina koyarwa a firamare. Na kai yara gidan zu, na kai su bakin dam. Ban taɓa juya wa ruwa baya ba alhali akwai yaro ɗaya a gefensa, ko da hedimasta ne ke kirana. Wannan ba ilimi ba ne mai zurfi. Sabon malami ma ya san shi a makonsa na farko.

Na gaya mata laifin ba na yatsanta ba ne, ba na harshenta ba ne. Takardar nan mai hoto ta ce akwai mai gadin ruwa. Ba ta ce zai ajiye usur ya ɗauki kwalba ba. Ba ta ce kwalekwale zai tafi ya bar mutum goma sha biyu a tsakiyar teku babu ko kwalekwalen roba ba. Ta saurare ni har ƙarshe, ta ce, "Na ji, Malam. Amma raka'a huɗun nan tawa ce."

Na rubuta musu amsa, na kuma aika kwafi ga hukumar da ke ba su lasisi. Abu uku muka nema, kuma ba za mu rage ko ɗaya ba.

Su rubuta a fili cewa lokacin da abin ya faru babu mai kallon ruwa.

Su raba aikin nan biyu, mai zuba giya daban, mai gadin rai daban, kwalekwale kuma ya zauna muddin akwai mutum a tsibirin.

Su sake wasiƙar, su sa sunansa cikakke: Munzali Garba Ringim.

Wata biyar ke nan. Wasiƙa huɗu na aika. Ba amsa. Jiya jikata ta buɗe min shafinsu a waya. Hoton nan na farin yashi yana nan. Iyo, kallon kifi, ɗanɗanar giya iri biyar. Wasiƙa ta biyar tana kan teburina, gobe za ta tafi.

Bara'atu ta haihu. Namiji. Aka mayar masa da sunan mahaifinsa.

Ranar suna mata suka fara shawarar laƙabin da za a sa masa, kamar yadda aka saba, don kada a riƙa kama sunan mamaci a gaban uwarsa da matarsa. Wannan ta ce Abba. Waccan ta ce Halifa.

Dattijuwar ta miƙa hannu aka ba ta jaririn.

Ta ce, "Ba laƙabi. Ku bar masa sunansa. Ni zan kira."

Yanzu kullum da hantsi ina jiyo ta ta kan katanga. Munzali, ka tashi? Munzali, wa ya taɓa ka? Yaron bai san komai ba tukuna, ko juyowa ba ya yi.

Amma wani lokaci kiran yakan canja. Ya yi tsawo, ya yi ƙarfi, ya wuce na wanda ke magana da jariri a cinya. In na ji haka nakan ajiye biro in jira ta gama.

Darasi: In an miƙo maka tsari mai abu uku ka ce na ukun bai shafe ka ba, tsaya ka tambaya wa zai yi shi, kuma me zai bari kafin ya yi shi. Kafin ka sa naka a ruwa, ka tambaya: wa ke kallo, shi kaɗai ne, jirgin zai tsaya? In sun yi maka dariya, ɗauki jakarka. Kuma kunya abin ado ce a tsakar gida, ban ce a yar ba. Amma ranar da ka ga naka yana nisa, ka kira shi da sunan da zai juyo, tun yana inda zai ji.

Ku tura wannan ga duk wanda ke shirin kai iyalinsa bakin teku. Ku tura har ya isa teburin waɗanda suka rubuta layi bakwai ɗin nan. In za ku yi sharhi, kada ku rubuta "Allah ya jiƙan mamacin." Ku rubuta sunansa.

Allah ya jiƙan Munzali.