Mun Kai Baba Kwarin Gure

Ana sallame sallar asuba muka bar Damagaram, ni da yayana da Baba, a tsohuwar motar da yayana ya aro a wurin aikinsu. Tafiyar ba da son yayana aka yi ta ba. Lokotoron asibiti ya ce idon Baba na dama ya tafi, na hagun ma yana bin sawu, kuma jijjigar hanya ba ta dace da tsoho ba. Amma tun rasuwar Innarmu, damina biyu ke nan, Baba bai roƙi kowa komai ba sai wannan: a kai shi Gure tun yana iya gani.

Gudron ɗin, wato kwaltar, ba laifi har Mirriya, daga nan kuma sai ramuka jefi-jefi, yayana yana kauce wa ɗaya yana faɗawa biyu. Gero ya nuna, an fara ɗaure dammuna. A Gidimuni muka sayi rake, a Gidigir jandarma ya leƙo, ya ga Baba da carbi, ya ce mu wuce, a sa shi a addu'a. Duk tsawon hanyar Baba bai yi magana ba. Mun saba, haka yake wuni a zaure.

Kafin azahar muka isa Gure, muka sauka gidan Gwaggo, ƙanwar Baba, ta tarbe mu da fura da nono da cuku mai taurin da sai da na jiƙa shi a shayi. Baba ya kurɓi furar sau biyu ya ce a tashi.

Kwarin yana bayan gari, mota ba ta kaiwa sai amalanke. Wanda bai taɓa gani ba zai yi mamaki: tudun rairayi ne fari fat ta ko'ina, sai kawai ƙasa ta lotsa, ga dabino da goruba, ga rogo da albasa, ga sanyi yana taso maka. A nan Baba da Inna suka yi lambu shekarun farkon aurensu. Ɗan Gwaggo ke nomansa yanzu, abin da ya rage ke nan, don rairayi ya cinye gefen gabas, har wasu dabinan sai kawunansu ake gani. Sun kafa shingen kaba, yana tsallakewa.

Baba ya tambayi tafkin da ya sani a kwarin. Aka ce ya ja da baya sosai. Na riƙe masa hannu muka bi laka, ƙasa tana fari-farin kanwa, har muka iske ɗan ruwan da bai fi faɗin tsakar gida ba. A bakinsa wani tsiro ya yi cincirindo, tsayinsa zuwa gwiwa, siraran ganye, furensa rawaya, kunne huɗu-huɗu. Baba ya durƙusa, ya kai idonsa na hagu dab da furen, ya daɗe a haka.

Sai ya fara magana da Barbarci. Ba tsayawa, murya ƙasa-ƙasa, har da ƴar dariya a tsakiya. Mu da Hausa aka rene mu, da Faransancin lakwal, wato makarantar boko. Barbarci harshen Baba da Inna ne idan ba su so mu ji. Ban tsinci komai ba sai sunanta.

Gwaggo ta ja ni gefe ta ba ni labari. Wai Inna ba ta ƙaunar tsiron nan ko kaɗan, ta ce ciyawa ce mai shan ruwan albasa, kullum tana tuge shi. Baba kuwa sai ya bi bayanta ya maida wanda bai mutu ba. Shekaru suka yi suna wannan rigima, ba wanda ya ci. Na ce ta fassara mini abin da yake faɗa yanzu.

"Ba da mu yake ba, ƴata," in ji ta.

Da za mu tashi na karya reshe ɗaya mai furanni, da niyyar in sa masa a ruwa a gida. Kafin mu kai amalanke kunnuwan duk sun zube, kara kawai ya rage a hannuna. Baba ya shafa karan da yatsa.

"Ba ya tafiya," ya ce. "Shi ya sa na zo."

Mun kwana biyu. Kullum da hantsi ana kai shi kwarin, da yamma kuma tsofaffin unguwa su cika tabarmar Gwaggo, in ji muryarsa ta fi ta kowa. Ranar dawowa Gwaggo ta cika mana but ɗin mota da dabino da rogo, ta tsaya a ƙofa ba ta ce sai yaushe ba, shi ma bai ce ba.

Mun iso Damagaram bayan la'asar lafiya, idon bai ƙara muni ba, yayana ya samu natsuwa. Ni kuwa na dawo da abin da ya tsaya mini a rai. Damina biyu ina zaton Baba ya rasa abin faɗa ne, ashe wanda zai ji ya rasa. Yanzu idan na taso daga lakwal nakan shimfiɗa tabarma a zaure yana koya mini Barbarci, kalma biyu, kalma uku, yana dariyar yadda harshena ke karya su. Na iya gaisuwa, na iya ruwa da gona da gobe. Har yanzu ban kai in gane abin da ya faɗa a bakin tafkin ba, kuma ban tambaye shi ba.