Gonar Wanda Bai Dawo Ba

Duk sanda na ga tushen gamba tsaye a bakin gona, sai zuciyata ta koma garinmu, can wajen Barmu, inda da ita ake shata iyaka. Gonar gidanmu doguwa ce, tun daga gindin dutse har bakin fadama. A tsakiyarta akwai wani yanki da gamba ta kewaye. Ana nome shi kamar sauran, amma ba a haɗa geronsa da namu. Rumbunsa daban yake, ɗan ƙarami, bayan ɗakin kakata. Sai sabon gero ya nuna ake buɗe shi, a raba tsohon sadaka, a zuba sabo. Mu yara ko zangarniya ɗaya ba mu isa mu gasa daga yankin nan ba.

Ku saurara ku ji mai shi. Ƙanen kakan kakata ne. Yana yaro ya tafi kiwo, awaki suka dawo, shi bai dawo ba. Wasu suka ce masu raƙuma sun yi arewa da shi. Wasu suka ce kudu aka yi da shi, daga hannun wannan zuwa na wancan, har inda ƙasa ta ƙare ruwa ya soma. Tunda ba a ga gawa ba, ba a yi masa salla ba, kuma ranar rabon gado aka fitar masa da nasa.

Bayan Nasara sun bar mulki, baffana, ƙanen mahaifina, ya soma maganar yankin. Ƴaƴansa sun yi yawa, gonarsa kuwa rabinta tsakuwa ce.

"Inna, Nasara sun zo sun tahi, mu har yau yaron awaki muke jira?"

"Ka ga kabarinai?" in ji kakata.

Wani rani aka turo masu gina rijiyar siminti. Cikinsu akwai wani dogon saurayi, baƙi kamar mu, amma bakinsa na Nasara, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba. Mushen lakkwal, wato malamin makarantar boko, ya ce daga Amirka yake. Ya ce kakanninsa bayi ne, daga ƙasashenmu aka kwashe su cikin jirgin ruwa. Maganar ta shigo gidanmu da hantsi. Kafin azahar kakata ta yafa zanenta, ta ɗora mini ƙwaryar fura, muka nufi rijiya.

Ta sa saurayin ya durƙusa. Ta kama fuskarsa da hannu biyu tana juyawa, tana neman tsagar gidanmu. Babu. Ta ce, "Ƙila can ba su da wanzami." Ta sa mushe ya tambaye shi garin kakansa. Ya ce bai sani ba. Harshensu fa? Bai sani ba. Sunan kakan? Ya ce sunan da suke amsawa na wanda ya saye su ne. Ni dai kaina ya ɗaure. Yaya mutum zai girma haka, har da gemu, bai san garinsu ba?

Kakata ta ja hannunsa har gona, mutane suna biye. Babu komai a wurin sai karan bara da ƙasa mai ƙuna ƙafa. Ta nuna masa yankin.

"Ɗana, ga gonarku. Ba mu ci ba."

Da mushe ya mayar masa, sai baƙon ya tsuguna a bakin yankin. Can ya ce a gaya wa tsohuwa ya gode, amma ba zai karɓa ba, don bai san ko shi nasu ne ba, kuma babu mai iya gaya masa.

Da la'asar gida ya rikice. Baffana ya ce yau an kusa ba baƙo gonar da ƴaƴansa ke kallo da yunwa. Cikin fushi ya faɗi abin da ban taɓa ji ba.

"Wane awaki, Inna? Ni na ji ga tsohhi, shekarar yunwa ce, mutanen gidanga da kansu suka ba da shi don hatsi!"

Na kalli kakata ina jiran ta ce ƙarya ne. Ba ta ce ba. Ba ta kuma ce gaskiya ne ba.

Akwai wata tsohuwa a gidanmu da ke yi mana daka, muna ce mata Iya. Na ɗauka ƙanwar kakata ce. Ta jingine taɓarya ta ce, a hankali, "Ni ma uwata sayo ta aka yi cikin gidanga. Ko can garinsu akwai mai aje mata gona?" Ta ɗauki taɓaryarta ta ci gaba.

Har yau ban warware ba. Mu aka yi wa sata, ko mu muka sayar, ko mu muka saya? Na tambayi malamai, na tambayi masu boko, kowa ya ba ni guntu.

Rijiya ta ƙare, baƙo ya tafi. Kakata ta rasu, baffana ya nome yankin, ƴaƴansa suka ci suka girma, ban iya cewa ya yi laifi ba.

Yanzu ina zaune cikin Tawa. Yau ba mai kama kowa ya sayar, samari da ƙafarsu suke hawan mota su yi arewa. Jikana maraya, ɗan babban ɗana, ya bi ta Agadas, an yi damina da yawa ba mu ji muryarsa ba. Bana baffanninsa suka zo za su raba gonar ubansu. Suka ce, "Inna, mi za a yi da rabonai?" Na ce su ba ni zuwa kaka. Kaka ta zo, an ɗaure gero, an kai rumbu. Suna zuwa gaishe ni safe da yamma, suna kallon bakina.