Ubale Mai Gadin Cikin Mata

Ubale taubashina ne, ɗan kawuna, don haka duk abin da na faɗa a kansa ba mai kai ni ƙara. Wanzami ne a unguwarmu ta Ɗansoshiya. Zabira ya gada, hankali kuwa an raba gado ba ya nan.

A zamanin kawu, wallahi kullum garin Allah ya waye sai an yi suna a wani gida. Kawu bai taɓa sanin hanyar mahauta ba, kasonsa na ragon suna ya ishe su har karen gidan ya yi taiɓa. Ubale ya taso yana zaton haka duniya za ta tsaya tana jiransa.

Sai samari suka watse. Wannan ya tafi Kano tuƙin adaidaita, wancan Abuja gadi, kowa ya kama ɗaki ya ɗauke matarsa. 'Yan matan da suka rage suna sakandare. Unguwa ta koma ta tsofaffi masu tari. Wa zai haihu? Akuya ma ta san amsar, amma ban da Ubale. Shi bincikensa ya nuna masa wai mata ne suke zubar da ciki don su karya masa sana'a. Shi ɗin!

Daga nan ya ɗauki aikin da ba wanda ya ba shi. Ya dasa benci kusa da famfo, duk macen da ta wuce sai ya auna ta da ido. Mace ta ƙoshi da ɗanwake, ya tafi wasa aska.

Ana haka ya hango Rabi, amaryar maƙwabcinsa Mujitaba da ya tafi Kano ya bar ta gida, da tsohon ciki. Har gyaɗa ya ci bashi a kan naman sunan. Sai Rabi ta ɓace. Bayan watanni ga ta a famfo, ciki a shafe, baya ba goyo. Ubale ya ruga majalisa ko takalmi bai saka daidai ba.

"Na faɗa muku! Ta zubar! Ni da idona!"

Maganar ta isa kunnen Mujitaba a Kano, shi da ya yi watanni ba a jin ɗuriyarsa, bai san abin da ake ciki ba, ya bugo waya yana cewa a haɗa mata kayanta. Shi kuwa Ubale, wanzami guda, ya manta da goyon ciki! Haihuwar fari ce, gidan iyayenta ta tafi a Doguwa, can ta haihu, can aka yi suna, can ta yi wankan jego.

Surukarta Iya Asibi ta fito da jariri a hannu, ta tsaya a kan Ubale gaban dattawa.

"Ubale, ga wanda aka zubar ɗin. Karɓi, ka gaishe shi."

Na ce yau ƙasa za ta tsage ya shige. Ina! Sai ya cire wa yaron hula, ya juya ɗan kan, ya taɓe baki.

"Iya, wa ya yi wannan askin? Ji yadda ya ci masa ƙeya."

Mai unguwa ya ce, "Tashi ka ba mu wuri, Ubale."

Rabi na ɗakinta, Mujitaba ya zo da atamfar ban haƙuri. Satin jiya Hauwa, matar ƙanin Ubale uwa ɗaya uba ɗaya, ta haihu. Daga Kiru aka ɗauko wanzami a acaɓa. Ubale na zaune a zaure, aka ce ya matsa baƙo zai wuce.